Gadon da Ke Jikin Bango

Ina tsugune gaban mai kifi a kasuwar Lolo wayata ta yi ƙara. Ranar hutuna ce, ta farko cikin kwana tara tun da aka kwantar da mahaifiyata a asibitin da nake aikin jinya. Da safen nan ta ce bakinta ba ɗanɗano, tana marmarin miyar busasshen kifi, shi ya sa na hau kabu-kabu na zo. Lambar abokiyar aikina ce, wadda ke duti a ɗakin mata. Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Kina ina?"

Na ce ina Lolo. Ina jin kukan fanka a bayanta.

"Ki yi haƙuri. Inna ta cika."

Na ce innalillahi. Na tambaye ta yaushe, ta ce yanzu, bayan azahar. Na ce to me ya faru, ai da safe na auna jininta da kaina, ya sauka. Ta ce, "Ki dai zo." Ban san yadda na fita daga kasuwar ba. A ƙofar asibiti na ga ashe ƙunshin kifin yana hannuna.

Asibitinmu ƙarami ne, a kan hanyar Illo. Gado shida ne a ɗakin mata, kuma kusan rabin masu kwanciya daga tsallaken iyaka suke zuwa, daga Benin. Tsohuwar matiron, shugabarmu da ta koya mini aiki, ta bar mini abu ɗaya da ban taɓa saki ba: kowace safiya, kafin a raba magani, a bi gadaje ɗaya bayan ɗaya a duba su. Takan ce kada ki tsaya daga nesa kina kallo, ki sa hannu ki taɓa. Haka nake yi. In girgiza gado in ji ko zai motsa. Birkin tayoyin duk ya mutu tun kafin in zo, da ɓarin bulo muke tare su, kuma sai an duba kullum, domin masu jinya kan zare bulon su kai bayan ɗaki su haɗa murhu. In ɗaga ƙarfen gefe, wanda ke hana majiyyaci faɗowa, in ji ya kama. In taɓa sandar ƙarin ruwa, in sauke duk filas ko ledar fura da aka rataya a jikinta. In duba soket ɗin da waya goma ke caji a kai, in duba ƙasa ko an zubar da ruwan buta, in tabbata tukunyar oksijin tana ɗaure kuma ba wanda ya kunna maganin sauro kusa da ita. Bayan nan sai in sa hannu a littafin dubawa.

Ba na yin wannan aikin shiru. Masu jinya sun san ni da faɗa. Duk wadda na kama ta zare bulo sai ta ji bayani da Hausa, in ba ta ji ba in maimaita mata da ɗan Dandancin da na iya, yaren mutanen tsallake.

Gado na huɗu ƙarfen gefe ɗaya gare shi. Na hannun dama ya karye daga wajen walda, an jingine shi a bayan ƙofar sito, ya fi shekara a can. Maganin da muka yi shi ne muka tura gadon jikin bango, bangon ya zama ƙarfen. Shi ne kuma gadon da ya fi kowane daɗi, yana gindin taga, nesa da ƙofar bayi. Da aka kawo Inna ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ni na ce a ba ta shi.

Wadda ke zaune da ita dare da rana ƙanwarta ce, muna kiran ta Iya. Aure ya kai ta tsallake tun ina ƙarama, amma ita ta goye ni lokacin da Inna ta yi ciwon nono. Ranar da ta ji labari, ranar ta haye.

Da na shiga ɗakin na tarar an rufe Inna da zanenta mai ruwan ƙasa. Iya tana zaune a tabarma, kanta a sunkuye. Sauran matan ɗakin suka yi mini gaisuwa a hankali, ba wadda ta haɗa ido da ni. Na dafa gadon don in buɗe fuskarta, sai na ji ya gusa a hannuna.

Ko a wannan halin hannuna bai manta aikinsa ba. Na kalli ƙasa. Bulon yana nan, guda biyu, amma duk a wajen ƙafa aka ajiye su, kuma ba su matse taya ba. Ni ɗaya nake sawa a kai, ɗaya a ƙafa, in doke su da dunduniya har su shige. Da safen nan ma, duk da ina hutu, sai da na biyo na yi hakan kafin in tafi kasuwa. Sandar ƙarin ruwa tana tsaye nesa da inda na bar ta. Simintin tsakar ɗakin da danshi, an goge shi, alhali da safe kaɗai ake goge ɗakin. Na ga waɗannan duka. Na buɗe fuskar Inna. An ɗaura mata kallabi, an jawo shi har ya rufe kunnen dama.

A gida muka yi mata wanka, ni da Iya da wata dattijuwa maƙwabciyarmu. Da aka zo kai, Iya ta ce in riƙe buta, ita za ta wanke. Ta juya mini baya kaɗan. Amma ɗakin ƙarami ne. Sama da kunnen dama akwai kumburi kamar rabin ƙwan kaza, da ɗan tsaga a tsakiyarsa, da sawun filasta da aka ɓare. Iya ta ɗago, muka kalli juna. Ta ce, "Zuba ruwa, ɗiyata." Na zuba.

A wajenmu abin da mai wanka ta gani a jikin mamaci ba ta faɗa. Da shi take mutuwa. Na san wannan, Iya ta san na sani. Aka kai Inna kafin magariba.

Yayana da ke zaune a Bagudo mutum ne mai zafi. Ranar sadakar uku ya ja ni gefe ya ce, "Ke ce ta ciki. Gaya mini gaskiya, an yi sakaci?" Na san in ya ji kalmar faɗuwa ba zai tsaya ba sai ya gano wanda zai ɗora wa, kuma duk wanda ya ɗora wa ya rabu da shi ke nan har abada. Na ce masa kwana ne ya ƙare. Ya daɗe yana kallona, sannan ya koma cikin maza.

Kwanakin zaman makoki ban zauna da zuciya ɗaya ba. Duk wadda ta zo gaisuwa daga asibiti sai in riƙa auna maganarta. Wannan me ya sa ta yi saurin tashi? Waccan me ya sa ta ce "Allah ya sa ba ta sha wahala ba"? Me ta sani? Ina karɓar gaisuwa da baki, a raina ina lissafa wanda ke ɗakin a wannan rana.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki. Gado na huɗu ba kowa a kai. Na durƙusa kamar mai gyara bulo, sai na ga abin da danshi ya ɓoye mini ran nan. Tayar gadon ta wajen kai ɗaya ta daɗe da ƙagewa, ba ta juyawa, sai dai ta ja ƙasa. Ta bar zane a kan siminti, fari, sabo, ya taso daga gindin bango ya lanƙwasa ya yi tsakar ɗaki. Zanen biyu ne kusa da juna, na fita da na komawa.

Wadda na fara zargi mai sharar ɗakin ce, wata tsohuwa da muke wasa da ita, ina ce mata Kaka. Na same ta a bakin famfo tana wanke tsumma.

"Kaka, ke kika ja gado na huɗu?"

"Ni? Da wane baya?" Ta miƙe tana dafe da ƙugu. "Shekara nawa kina yi mini tsiya ba ni share ƙarƙashin gado. Yau kuma ni ce mai jan gado? Zaɓi guda, jikanya."

"To wa ya goge ɗakin ran da Inna ta rasu?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta matse tsumman ta sake matsewa, ba ruwan da ya rage a ciki.

"An ari bokitina. Ban tambayi mi za a yi da shi ba."

"Wa ya ara?"

"Mai farin kaya irin naki." Ta ɗauki bokitin. "Ki bar uwarki ta kwanta lahiya. Mi kike nema?"

Mai farin kaya ɗaya ce ke duti a ranar. Na ɗauko fayil ɗin Inna na karanta. Likita ya rubuta jini ya sake hawa, ciwon ya sake bugawa. Ba a ambaci kumburi ba, ba a ambaci filasta ba. Kwana biyu ina aiki kafaɗa da kafaɗa da abokiyar aikina, muna miƙa wa juna allura da auduga, ina kallon hannunta ina tunanin shi ne ya ɓare filastar. Mun yi shekara shida tare. Ni na karɓi haihuwar 'yarta ta biyu. A rana ta uku na same ta a ɗakin allura, na rufe ƙofa na tsaya a jikin ƙofar.

"Ina kike lokacin?"

Ba ta tambayi wane lokaci ba. "Ina ɗakin haihuwa. Mace tana naƙuda, ni kaɗai ce. Sai ihu na ji."

"Da kika shigo a ina kika same ta?"

"A kan gado."

"Gadon yana ina?"

Ta shiga jera kwalaben magani da suke a jere.

"Filastar da ke kanta fa?"

"'Yar'uwa, abin da likita ya rubuta ba ƙarya ba ne. Na auna, jinin ya hau sosai. Ko kafin ne ko bayan, ni ban sani ba. Ke ma ba za ki taɓa sani ba."

"Kafin me?"

Ta juyo, idonta ya kawo ruwa. "An riƙe ƙafata an roƙe ni. Na yi alkawari. In kina son ƙarin bayani ba a asibiti yake ba." Sannan ta ƙara a hankali, ba da faɗa ba, "Kuma in aka buɗe maganar nan, littafin dubawa za a fara ɗaukowa. Kin san hannun da ke ciki."

Na sani. Kwana tara a jere, a layin gado na huɗu, ƙarƙashin inda aka rubuta ƙarfen gefe, ni na sa alamar lafiya. A ganina ba ƙarya nake yi ba, tunda bango yana nan.

Da la'asar, masu jinya sun fita alwala, na zare bulon na kama kan gadon na ja shi. Na bar tayar da ta ƙage ta bi zanenta. Bai yi nauyin da nake zato ba, mata biyu za su iya ko da mutum a kai. Inda zanen ya ƙare, nan gadon ya tsaya: ƙafa a jikin bango, kai a tsakar ɗaki. Na tsaya a gefen dama, gefen da ba ƙarfe, na duba inda mai kwance a kan hannun dama zai fuskanta. Ta ƙofa na hango matan sun jera tabarmi a baranda sun tayar da salla. Inda suka fuskanta, nan gadon ya fuskanta.

Sau biyu Inna ta yi mini maganar. Harshenta ya yi nauyi amma ana gane ta. "Kin aje ni ina ba gabas ƙeya," ta ce. Na farko na ce mata mara lafiya yana salla yadda ya samu kansa, Allah ya sani. Na biyu ina sauri, na ce sai anjima. Iya tana zaune a tabarma duk sau biyun, tana ji.

Na zauna a bakin gadon na bi kwanakin nan tara ɗaya bayan ɗaya, ina neman ranar da na gaya wa Iya dalilin da ya sa gadon yake jikin bango. Ban samu ba. Ranar farko ta rataya filas a sandar ƙarin ruwa, na sauke shi na ajiye a loka ban ce uffan ba. Rana ta uku ta zare bulo ɗaya ta kai murhu, na samo wani na mayar, ban ce uffan ba. Matan da ban sani ba nakan tsaya a kansu in yi musu bayani har su gaji da ni. Amma matar da ta goye ni, yaya zan tsaya a gaban mutane da farin kaya ina ce mata kada ki taɓa wannan, kada ki ja wancan? Kunya ta hana ni. Na riƙa bin bayanta ina gyarawa, a zatona hakan ya isa, tunda kullum ina nan. Ranar da ba na nan ba wanda ya bi bayanta.

Wannan duk abin da na haɗa ne da kaina, daga zanen siminti da kumburi da bokitin aro. Ba wanda ya ce mini ga abin da ya faru. Matan da ke ɗakin a ranar an sallame su, yawancinsu sun haye. Wani lokaci nakan ce wataƙila jinin ne ya fara bugawa, ta zame bayan ta riga ta tafi. Wani lokaci nakan ga hannunta na hagu da ba ya motsi ya rinjayo gaba ya ja sauran jikin. Duka biyun suna iya zama gaskiya.

Iya ta zauna da mu har arba'in. Tana dafa mana abinci, tana yi wa 'ya'yana tatsuniya rabi da Hausa rabi da Dandanci. Ta rame. Na lura ba ta yarda mu kaɗaita a ɗaki, in na shigo sai ta tuna da wani aiki a tsakar gida. Ni ma ina lura da ita fiye da yadda ya kamata: yadda take daɗewa a sujada, yadda take kau da magana in an ambaci asibiti. Ban san ita ma tana lura da ni ba.

Washegarin arba'in na raka ta Illo, inda masu babur ke ɗaukar masu hayewa. Rana ta ɗaga, ana ta ɗaure buhuna a bayan babura, wani yana kiran saura mutum ɗaya. Muka tsaya a inuwar wata rumfa, ƙunshin kayanta a tsakaninmu.

"Ta samu azahar, ɗiyata," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Ta yi sallarta. Ina so ki san wannan."

Na ce alhamdu lillahi.

Ta jira. Na san jira take yi. Tambayar tana bakina, kalma huɗu ko biyar ce. Amma in na yi ta, dole ta amsa, in ta amsa kuma ta zama wadda ta ja gadon, a bakinta da kunnena, har ƙarshen rayuwarta. Na gyara ɗaurin ƙunshin da ba ya bukatar gyara.

Sai ta ce, "Gadajen ga naku, duka haka su ke? Ƙarhe gehe guda?"

Yanzu ta kalle ni. Irin kallon da na yi kwana arba'in ina yi wa mutane, shi ta yi mini.

"Wannan ne kaɗai," na ce.

"To," ta ce. Ta daɗe tana gyaɗa kai. "To."

Mai babur ya matso ya ce, "Hajiya, in za ki tahi ki hau, rana na yi." Na ɗora mata ƙunshin a cinya. Ta riƙe hannuna ta ce in gaida yara, in riƙa cin abinci. Na tsaya har suka sha kwana.

A makon nan na ɗauko ƙarfen daga bayan ƙofar sito, na ɗora a babur na kai wa mai walda. Ko rabin awa bai yi ba ya gama. Yanzu duk wadda aka kwantar, nakan tambaye ta da kaina ko tana so a juya ta gabas, in ta ce e, ni nake jan gadon, in ɗaga ƙarfe, in doke bulo. Kaka ta ce na zama limamin ɗakin mata. Zanen yana nan a siminti, ya dushe amma ina ganinsa. Da abokiyar aikina muna gaisawa, muna aiki, ba mu sake rufe ƙofa ba. Yayana ya sake tambayata sau ɗaya, da salla, na ba shi amsar farko.

Iya tana kira kusan kowace Juma'a in ta samu sabis. Muna maganar shinkafa, da cikar kogi, da ciwon gwiwarta. Shekara biyu ke nan. Ban tambaye ta wa ya ja gadon ba, kuma ban gaya mata ni na zaɓa wa Inna shi ba.